Rashidi Yekini, Bijimin Kaduna (1963 zuwa 2012)

Idan ka zauna wurin mai shayi da dare a nan Sakkwato, ko a Mabera ko a Gawon Nama, har hira ta gangaro kan ƙwallon ƙafa, za ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Samari suna ta kawo sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen waɗanda suke gani a gidajen kallo. Magidanta kuwa, waɗanda furfura ta fara tsiro musu, sukan yi shiru su bar yara su gama, sa'an nan ɗayansu ya ambaci suna guda, sauran su gyaɗa kai. Sunan nan shi ne Rashidi Yekini.

Yawancin samarin ba su taɓa ganin wasansa ba sai a ɗan guntun hoto cikin waya, inda ya shiga raga ya riƙe ta da hannu biyu yana kuka. Amma ran mutumin ya fi wannan hoto faɗi. Saboda haka bari mu bi labarinsa daga fari har ƙarshe, gama akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu duka mu binciki kanmu.

Yaron masaƙa

An haifi Rashidi Yekini a garin Kaduna ran 23 ga watan Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne, asalinsu daga garin Ira da ke Jihar Kwara ta yanzu. A Kaduna ya tashi, ya yi wasan ƙasa da yaran unguwa, Hausa kuwa ta zauna a bakinsa kamar kowane ɗan gari. Gidansu ba gidan masu hali ba ne. Ana ba da labari cewa tun yana ƙarami ya yi aikin walda da na kanikanci domin ya sami abin sakawa a baki.

Kaduna ta wancan zamani gari ne na masaƙu. A Kakuri manyan masana'antun yadi suna aiki dare da rana, dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suna cin abinci a cikinsu. Al'ada ce kuma a lokacin kamfani ya riƙe ƙungiyar ƙwallo tasa, ya ɗauki yara masu basira, ya ba su ɗan albashi, su yi wasa da sunansa. A ƙungiyar masaƙar UNTL ne Yekini ya fara wasa sosai, wajen shekarar 1981. Ƙaramar ƙungiya ce, ba ta cikin waɗanda ake jin sunansu a rediyo kowane mako. Amma a can ne aka fara lura da wani dogon saurayi mai faɗin ƙirji, wanda in ya saki ƙwallo da ƙafar dama, mai tsaron gida yakan ji a jikinsa.

Ibadan, Abeokuta da Abijan

Ba a daɗe ba labarinsa ya kai kudu. A 1982 ƙungiyar Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Wannan babbar ƙungiya ce, ta kuwa ci gasar lig ta ƙasa a 1983. A shekara ta biye, watau 1984, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, inda Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje, ci 2 da nema a Alƙahira, ci 1 da nema a Legas. A wannan shekara ce kuma aka fara kiransa ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake ce da ita Green Eagles.

Daga Ibadan ya koma Abeokuta, ƙungiyar Abiola Babes ta attajirin nan Cif M.K.O. Abiola, wadda ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1985. A 1987 ya ƙetare iyaka zuwa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya shiga ƙungiyar Africa Sports. A shekarun nan 'yan wasan Nijeriya da dama sun bi wannan hanya, domin ƙungiyoyin Abijan sun fi biya, kuma daga can ƙofar Turai ta fi kusa. Shekara uku ya yi yana zuba ƙwallaye a can. Masu kallo na ƙasashen da ke jin Faransanci ne suka yaɗa laƙabin da ya bi shi har kabari, watau Bijimin Kaduna. Laƙabin ya dace da shi, gama in ya sa kai ya nufi raga, mai tsaron baya ɗaya ba ya iya tare shi.

Garin masunta

A 1990, yana da shekara 26, ya tafi Turai. Bai sauka a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da yaranmu suke sa rigunansu ba. Ya sauka a Setubal, wani gari na masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a bakin kogin Sado, kudu da Lisbon babban birnin Fotugal, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Ƙungiyar garin sunanta Vitoria, an kafa ta tun 1910, filinta kuwa ana kiransa Bonfim. Rigarta kore da fari ce, launin tutar ƙasarmu. A garin nan ne aka haifi mai horarwa Jose Mourinho, a shekara ɗaya da Yekini.

Domin mai karatu ya gane nauyin abin da Yekini ya yi a can, sai ya san yadda ƙwallon Fotugal yake. Ƙungiyoyi uku ne suka mallake shi, Benfica da Sporting na Lisbon, da Porto. Tun da aka fara gasar lig ta ƙasar, sau biyu kaɗai wata ƙungiya dabam ta taɓa ɗaukar kofin, Belenenses a 1946 da Boavista a 2001. Kuɗi na wurin manyan nan uku, 'yan wasa mafi kyau ma na wurinsu. Vitoria ta taɓa yin tashe, ta ci kofin ƙalubale na ƙasar a 1965 da 1967, amma sa'ad da Yekini ya iso ƙarfinta ya ragu ƙwarai.

A ƙarshen kakarsa ta fari ma, a 1991, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A nan ne wani ɗan wasa zai tattara kayansa ya nemi wani wuri. Yekini ya zauna. Shekara biyu ya yi yana bin ƙananan filaye na ƙauyukan Fotugal tare da su. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34, ƙungiyar ta komo rukuni na ɗaya. Kakar da ta biyo, 1993 zuwa 1994, ya ci 21, ya fi kowane ɗan wasa na Benfica da Porto da Sporting, aka ba shi kyautar Ƙwallon Azurfa ta wanda ya fi kowa cin ƙwallo a ƙasar. A cikin wannan kaka ce, shi da abokin wasansa na gaba Chiquinho Conde ɗan ƙasar Mozambik suna jan ragama, Vitoria ta lallasa Benfica da ci 5 da 2 a filin Bonfim, alhali Benfica ce ta ɗauki kofin a shekarar. In aka haɗa duka, ya ci wa ƙungiyar ƙwallo wajen 90 a cikin shekara huɗu.

Cin ƙwallo a babbar ƙungiya abu ne mai sauƙi in an gwada da wannan. A can kana da gwanaye kewaye da kai, suna miƙo maka ƙwallo sau goma a wasa guda. A ƙaramar ƙungiya kuwa, watakila sau biyu ko uku za ta zo maka, kuma abokan hamayya sun san kai kaɗai ne abin tsoro, sai su sa mutum biyu su tsare ka. Yadda Yekini yake yi shi ne, yakan tsaya daidai kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, da zarar an jefo ƙwallo a bayansu sai ya fizga a guje. Ba mai yawan yanka da kwalliya ba ne. Taɓawa ɗaya ko biyu, sai ya ɗirka. Ƙarfi, gudu, da bugu mai nauyi, su ne kayan aikinsa, ya kuwa san amfaninsu.

Saboda wannan aiki, da wanda ya yi wa ƙasarsa, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi Gwarzon Ɗan Wasan Afirka na 1993. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan girma, yana kuwa wasa a ƙungiyar da ta kwashe rabin shekarar a rukuni na biyu. Bayansa ne Emmanuel Amuneke, da Nwankwo Kanu, da Victor Ikpeba suka samu, sa'an nan Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024.

Rigar ƙasa

Tafiyarsa da ƙungiyar ƙasa darasi ce ta haƙuri. A gasar Kofin Afirka ta 1984 Nijeriya ta zo ta biyu. A 1988 a Maroko ta sake zuwa ta biyu, Kamaru ce ta hana ta duka sau biyun. A 1990 a Aljeriya, masu gida suka ci mu 5 da 1 a wasan buɗewa, Yekini ya ci ƙwallo uku a wasannin da suka biyo har muka kai wasan ƙarshe, Aljeriya ta sake cin mu 1 da nema. A 1992 a Sanagal muka zo na uku, shi kuwa ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu. Ya kuma je wasannin Olamfik na Seoul a 1988.

Sai 1994 haƙuri ya biya. A Tunisiya, a ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, Yekini ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, shi ne kuma ya buga fanaretin da ya raba gardama a wasan. Ran 10 ga Afrilu Nijeriya ta doke Zambiya 2 da 1, Amuneke ya ci duka biyun, aka ɗauko kofin karo na biyu bayan na 1980. Yekini ne ya fi kowa cin ƙwallo da guda biyar, shi ne kuma aka zaɓa gwarzon gasar. Jimlar ƙwallayensa a gasannin Kofin Afirka 13 ne.

Kafin wannan, shi ne ya ɗauki nauyin kai mu Gasar Kofin Duniya karo na farko, da ƙwallo takwas a wasannin share fage, har aka tabbatar da gurbin a birnin Aljiyas a watan Oktoba na 1993.

Daren da ba a yi barci ba

Ran 21 ga watan Yuni, 1994, Nijeriya ta fito wasanta na farko a Kofin Duniya, a birnin Dallas na Amurka, da ƙasar Bulgeriya. A can yamma ce, a nan gida kuwa tsakar dare ya riga ya wuce. Manyanmu na Sakkwato suna tuna daren nan sarai. Lokacin zafi ne, damina tana shirin kankama, mutane suna kwana a waje. Duk gidan da yake da talabijin ya fito da ita tsakar gida, maƙwabta suka cika tabarmi. Wanda ba shi da ita ya manna rediyo a kunne.

A minti na 21 Finidi George ya kutsa ta gefen dama ya shimfiɗo ƙwallo a ƙasa, Yekini ya tura ta cikin raga. Bai juya ya ruga wurin 'yan kallo ba. Ya bi ƙwallon har cikin ragar, ya zura hannuwansa ta cikin igiyoyin, ya girgiza su, yana ihu yana hawaye. Wannan ita ce ƙwallon Nijeriya ta fari a tarihin Kofin Duniya. Daniel Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna, ya ƙara ta biyu, Amuneke ya ƙara ta uku. Bulgeriyar nan kuwa ba kanwar lasa ba ce, gama ita ce ta zo ta huɗu a gasar.

Mai karatu ya tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin. An soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, soja na mulki, Kudu da Arewa suna duban juna da zargi. Kwana biyu bayan wasan aka kama Cif Abiola, tsohon maigidan Yekini na Abeokuta. Duk da haka, a daren nan ba wanda ya tambayi ƙabilar wanda ya ci ƙwallon. Bayarabe ne, ɗan Kaduna ne, na kowa ne.

Nijeriya ta sha kashi a hannun Ajantina 2 da 1, ta ci Girka 2 da nema, ta fito ta ɗaya a rukuninta. Ran 5 ga Yuli tana gaban Italiya da ci ɗaya, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara a ƙarin lokaci. Haka tafiyar ta ƙare.

Gangarowa

Bayan Kofin Duniya ne babbar ƙungiya ta zo nemansa, watau Olympiacos ta ƙasar Girka. Abin mamaki, a can ne tauraronsa ya fara dusashewa. Zaman bai yi daɗi ba, bai kuwa cika shekara ba ya bar su. Ya koma Sporting Gijon ta Sifen, can ma ƙwallo uku kaɗai ya ci a gasar lig. A 1997 ya sake komawa Setubal na ɗan lokaci, daga nan ya wuce Zurich ta Suwizalan inda ya farfaɗo ya ci ƙwallo 14. Wannan ya sa aka tafi da shi Kofin Duniya na 1998 a Faransa, amma daga benci yake shigowa. A nan ya rufe wasansa da ƙungiyar ƙasa, da ƙwallo 37, adadin da ya tsaya fiye da shekara ashirin ba wanda ya kamo shi.

Bai iya rabuwa da ƙwallo ba. Ya yi wasa a Bizerte ta Tunisiya, da Al-Shabab ta Saudiyya, ya koma Africa Sports, ya dawo gida ya shiga Julius Berger ta Legas a 2002. Har a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a ƙungiyar Gateway ta Abeokuta. Inda duk aka ji zai yi wasa, mutane sukan zo domin su gan shi da idonsu.

Sa'an nan ya koma gidansa a Ibadan ya yi shiru. Bai nemi muƙami ba, bai bi ofis-ofis yana roƙo ba, ba ya son taro, ba ya son 'yan jarida. Waɗanda suka zauna kusa da shi sun shaide shi da riƙon addininsa na Musulunci, da sauƙin kai, da yawan kyauta ga mabukata. Sau da yawa akan gan shi shi kaɗai a filin wasa yana motsa jiki, kamar mai jiran a kira shi wasa gobe. Daga wajen 2011 jaridu suka fara ba da labarin cewa ba shi da lafiya, cewa ciwon damuwa da taɓuwar tunani sun kama shi, yana kuma zaune cikin kaɗaici. Ran 4 ga watan Mayu, 2012, ya rasu yana da shekara 48. Aka kai shi Ira, garin iyayensa, aka binne shi.

Abin da ya rage mana

Da labarin rasuwarsa ya bazu, an yi ta yabo daga ko'ina. A Setubal ma, inda ya bari shekaru da dama, magoya baya sun yi makokinsa kamar ɗan garinsu, gama ba su manta da baƙon da ya zauna da su a rukuni na biyu ba. Ran 23 ga Oktoba, 2023, ranar da zai cika shekara 60, kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko. Amma yabon da ya zo bayan an rufe kabari, mai shi ba ya jinsa.

Abu na fari da za mu ɗauka daga ransa shi ne, ƙanƙantar wuri ba ta hana baiwa fitowa. Yekini ya fara a ƙungiyar masaƙa, ya kai ƙololuwa a ƙungiyar masunta. Inda aka san darajarsa aka kuma dogara gare shi, can ya yi albarka, inda ya je domin girman suna kuwa bai ji daɗi ba. Saurayin da yake koyarwa a makarantar ƙauye, ko yake aiki a ƙaramin asibiti, ko yake buga ƙwallo a filin unguwa, kada ya rena wurin da yake. Ya yi aikinsa da aminci, gama mai nema yana tare da samu.

Abu na biyu ya shafi ƙananan ƙungiyoyin kansu. Masaƙar UNTL ta rufe a 2007, yawancin masaƙun Kakuri ma sun yi shiru, ƙungiyoyin kamfanoni da suka reni yara irin Yekini sun watse. Vitoria ma bashi ya kayar da ita, aka fitar da ita daga rukuni na ɗaya a 2020. Mu kuwa a nan mukan biya kuɗi mu cika gidajen kallo saboda ƙungiyoyin Turai, mu bar filin wasa na Giginya da kujeru wayam ranar da yaranmu suke wasa. In ba a kula da gandun reno ba, daga ina za a sami itacen da zai ba da inuwa? Watakila akwai wani Yekini yau a Runjin Sambo ko Tudun Wada, yana buga ƙwallo ba takalmi, ba wanda ya tsaya ya dube shi.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Mutumin da miliyoyi suka yi ihun sunansa a dare ɗaya ya ƙare kwanakinsa shi kaɗai. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon sukari, yana kama mai ƙarfi da marar ƙarfi, mai suna da wanda ba a sani ba, yana kuma da magani in an kai mutum wurin likita da wuri. A jiharmu ma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, ba nisa da birni. Amma mu, in muka ga mutum ya janye daga jama'a, ya daina fita, ya fara magana shi kaɗai, sai mu koma gefe muna raɗa, ko mu ɓoye shi saboda kunya. Wannan ba daidai ba ne. Kowannenmu ya san wani tsohon malami, ko tsohon soja, ko maƙwabci da ya yi ritaya, wanda dā gidansa ba ya rabuwa da baƙi, yanzu kuwa ƙofarsa a rufe take. Kada mu jira sai ranar jana'iza. Zumunci a ƙafa yake. Mu je mu ƙwanƙwasa, mu gaishe shi, mu zauna mu ji lafiyarsa, in ya bukaci likita mu raka shi.

Rashidi Yekini ya ba ƙasar nan farin ciki a lokacin da take bukatarsa ƙwarai. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya ba mu zuciyar tunawa da mutanenmu tun suna da rai.